Yadda Ake Karanta Sakamakon Gwajin Tayirod Idan Ana Zargin Fituwitari

A yawancin asibitoci, idan likita ya ce a duba tayirod, abu ɗaya ake fara aunawa a jini, wato TSH, sinadarin da ke ba tayirod umarnin aiki. In ya fito daidai sai a ce wa majiyyaci ya kwantar da hankalinsa. Ga mafi yawan mutane wannan hanya ta wadatar. Amma akwai wasu 'yan tsiraru da take bari a baya. Za ka ga mutum ya yi shekaru yana fama da kasala, jin sanyi, taurin bayan gida da bushewar fata, alhali takardarsa na cewa TSH lafiya lau. Irin waɗannan mutane ciwonsu yana can ƙasan ƙwaƙwalwa, a fituwitari. Wannan jagora ba ta maye gurbin likita, amma za ta sa ka fahimci takardar da ke hannunka, ka kuma san tambayar da ya kamata ka yi.

Waye ke ba waye umarni

Tayirod tana gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, ita ce idan ta kumbura ake kira maƙoƙo. Tana fitar da homon biyu, wato sinadaran da ke kai saƙo cikin jini, T4 da T3, waɗanda ke daidaita ɗumin jiki, bugun zuciya, aikin hanji da kuzarin mutum. Sai dai ba ita ke yanke wa kanta yawan abin da za ta fitar ba. Umarni daga fituwitari yake zuwa, wata 'yar tsoka mai nauyin kusan rabin giram da ke zaune cikin wani ramin ƙashi a ƙasan ƙwaƙwalwa. Ita ma akwai na gaba da ita, haifotalamas, wanda ke aiko mata da homon TRH.

Kullum fituwitari tana lura da yawan T4 a jini. Ya ragu, sai ta ƙara TSH don ta zaburar da tayirod. Ya yi yawa, sai ta janye TSH. Kuma martaninta mai ƙarfi ne, domin T4 zai ragu kaɗan amma TSH ya ninka sau da dama. Dalilin da ya sa aka amince da TSH a matsayin gwajin farko ke nan.

To ka ga TSH ra'ayin fituwitari ne a kan aikin tayirod. Kamar mai gadi take: shirunsa alamar zaman lafiya ce muddin idonsa biyu, amma in barci ya kwashe shi, shirun ba ya nuna komai. Duk matakan da ke tafe a kan wannan suka ginu.

Mataki na 1: Tantance takardar kafin ka amince da lambobin

Fara duba ko an auna FT4 tare da TSH. FT4 shi ne ɓangaren T4 da ke yawo a sake cikin jini, wanda jiki ke amfani da shi. In TSH kaɗai ke kan takardar, ba za a iya cewa komai game da fituwitari ba, sai an koma an auna biyun daga jini ɗaya. In kuma jimillar T4 aka auna, a yi hattara, domin ciki da ƙwayoyin tsarin iyali masu isturojin suna ɗaga ta, ciwon ƙoda mai zubar da furotin a fitsari kuma yana saukar da ita, ba tare da tayirod ta yi laifin komai ba.

Sai ma'auni. A manya, TSH yakan kasance tsakanin kusan 0.4 da 4.0 mIU/L. FT4 kuma kusan 10 zuwa 22 pmol/L, ko 0.8 zuwa 1.8 ng/dL a inda suke amfani da wancan awon. Kowane ɗakin gwaji yana da iyakarsa gwargwadon na'urarsa, don haka wadda aka buga a gefen sakamakonka ita ce abin bi.

Daga nan ka rubuta duk abin da kake sha, har da ƙwayoyin ƙarin lafiya. Bayotin, wanda ake sha don gashi da farce, idan ya yi yawa yana ruɗa wasu na'urori su nuna TSH ƙasa da FT4 sama, kamar mai tayirod da ta yi aiki fiye da kima. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wannan a 2017, kuma akan dakatar da shi kwana biyu zuwa uku kafin a ɗauki jini. Magungunan sitiroyid masu yawa da dofamin suna danne TSH. Fenitoyin da kabamazafin na masu farfaɗiya suna saukar da FT4 su bar TSH a inda yake. Allurar hefarin tana sa FT4 ya fito sama da yadda yake a zahiri. Amiyodaron na ciwon zuciya kuwa yana iya juya sakamako ta kowace fuska.

Mataki na 2: Jera TSH da FT4, ka tambaya ko sun dace da juna

Kada ka duba kowace lamba ita kaɗai ka ce wannan na ciki, wannan na waje. Tambayar ita ce: da irin wannan FT4, wane TSH lafiyayyar fituwitari za ta fitar?

A ce FT4 ya fito 7 pmol/L, TSH 45. Sun dace. Tayirod ta gaza, fituwitari na ta ƙoƙarin tayar da ita. Wannan shi ne ƙarancin aikin tayirod da aka saba gani, wanda cutar Hashimoto ko ƙarancin aidin ke kawowa. Haka nan idan FT4 ya kai 40, TSH ya faɗi ƙasa da 0.01, sun dace: tayirod ta yi yawan aiki, kamar a cutar Graves, fituwitari ta janye hannunta. A duka biyun fituwitari ta yi abin da ya kamace ta.

Yanzu a ce FT4 ya fito 7, TSH kuma 1.8. Na'ura ba za ta sa wa TSH jan alama ba, tunda yana cikin iyaka. Amma bai dace ba ko kaɗan. Da fituwitari na da lafiya, da TSH ya yi tashin gwauron zabi. Wannan shi ne hoton ƙarancin tayirod da ya samo asali daga fituwitari ko haifotalamas.

Akwai wani yanayin da ya fi ruɗarwa: FT4 7, TSH 6.5. Ganin TSH ya ɗan haura, sai a ɗauka ciwon na tayirod ne a rubuta magani. Alhali tashin ya yi kaɗan matuƙa idan aka kwatanta da faɗuwar FT4. Fituwitari mara lafiya takan fitar da TSH wanda na'ura ke ƙirgawa amma ba shi da cikakken ƙarfin motsa tayirod. Shi ya sa a wannan ciwo TSH na iya zama ƙasa, ko daidai, ko ya ɗan haura, galibi bai kai 10 ba.

Tsofaffin takardu suna da amfani a nan, kada a yar da su. Ƙa'idar da ƙungiyar masana tayirod ta Turai ta fitar a 2018 ta ce ga wanda aka san yana da ciwon fituwitari, idan FT4 ya ragu da fiye da kashi 20 cikin 100 daga yadda yake a da, abin zargi ne ko da bai fita daga iyaka ba, muddin na'ura iri ɗaya aka yi amfani da ita.

Mataki na 3: Kore abubuwan da ke kwaikwayon ciwon

Wannan ciwo ba ya da yawa. Ana ƙiyasta shi tsakanin mutum 1 cikin 16,000 zuwa 1 cikin 100,000. Saboda haka idan aka ga FT4 ƙasa ba tare da TSH ya tashi ba, sau da yawa wani dalili ne daban.

Na farko shi ne rashin lafiya mai tsanani. Wanda ke kwance da zazzaɓi mai zafi, ko bayan babbar tiyata, ko yunwa ta ci shi, jikinsa da kansa yake rage T3, daga baya T4, TSH kuma ya tsaya ko ya sauka. Lokacin murmurewa TSH kan yi ɗan tsalle, har ya kusa 20, kafin ya koma daidai. A irin wannan hali akan jira kamar mako shida bayan an warke a sake gwaji. Na biyu, wanda aka fara yi wa maganin yawan aikin tayirod: FT4 ɗinsa zai sauka da wuri, amma TSH zai iya kasancewa a danne na makonni ko watanni. Haka wanda ya daina shan lebotairoksin, ƙwayar T4 da ake ba mai ƙarancin tayirod, kwanan nan, da wanda ke shan ƙwayar T3 zalla. Mai ciki ma lissafinta daban ne, domin a watanni ukun farko homon ciki kan danne TSH, a ƙarshen ciki kuma FT4 kan sauka, don haka da ma'aunin masu ciki ake karanta nata.

In an kore waɗannan, a maimaita gwajin, in da hali a wani ɗakin gwaji mai na'ura dabam. Sakamako ɗaya ba ya isa a ɗora wa mutum ciwon da zai sha wa magani har ƙarshen rayuwa.

Mataki na 4: Koma ga tarihin majiyyaci

A nan ne tambaya ta fi na'ura amfani. An taɓa yi masa tiyata a kai, ko gashi da haske (radiyoterafi) na masu ciwon daji a kai ko wuya? Illar wannan gashin takan bayyana bayan shekaru. Ya taɓa buguwa sosai a ka, ko jini ya fashe masa a ƙwaƙwalwa? Ana yi masa ƙarin jini akai-akai har sinadarin ƙarfe ya taru a jiki? Ya yi tarin fuka da ya taɓa ƙwaƙwalwa? Yana karɓar sabbin magungunan daji masu zaburar da garkuwar jiki, irin su ifilimumab, waɗanda ke iya kumbura fituwitari? A Indiya da Myanmar har saran wata kububuwa an san yana lalata ta.

Mafi yawan lokuta a manya, ƙari ne a fituwitari. Galibinsa ba daji ba ne, amma in ya wuce milimita 10 yana iya danne lafiyayyen ɓangaren. Alamominsa ciwon kai da raguwar gani ta gefe da gefe, saboda jijiyoyin idanu biyu sun gitta juna daidai samanta. Mutum zai riƙa karo da ƙofa, ko ya kasa ganin abin hawa da ke zuwa ta gefensa, bai san dalili ba.

Ga mata akwai tambayar da bai kamata a tsallake ba: yaya haihuwarki ta ƙarshe ta kasance? Fituwitari tana ƙara girma lokacin ciki, tana buƙatar jini mai yawa. Idan mace ta zubar da jini sosai wajen haihuwa har ta galabaita, wani ɓangaren fituwitari na iya mutuwa. Likitan Ingila Harold Sheehan ya bayyana wannan a 1937, ciwon kuma da sunansa ake kiransa. Alamar farko ita ce ruwan nono ya ƙi zuwa, sai al'ada ta ƙi dawowa, sai gashin hammata da na mara su zube, fuska ta koɗe, ƙarfi ya ƙare. Abin takaici shi ne mace kan yi shekara goma ko fiye tana yawon neman magani, ana ce mata gajiyar raino ce ko ƙarancin jini, don ba wanda ya haɗa halin da take ciki da haihuwar da ta wuce.

Mataki na 5: Auna sauran homon, kotizol a gaba

Da wuya TSH ya gaza shi kaɗai. Idan ƙari ne, yawanci homon girma ke fara raguwa, sai LH da FSH masu kula da haihuwa, sannan TSH da ACTH. Don haka in TSH ya riga ya taɓu, a sa rai wasu ma sun taɓu.

Mafi muhimmanci shi ne kotizol, wanda adirenal da ke saman ƙoda ke fitarwa bisa umarnin ACTH. Ana ɗaukar jininsa tsakanin ƙarfe 8 da 9 na safe, domin a lokacin yake sama. Bisa ƙa'idar ƙungiyar likitocin homon ta Amurka ta 2016, ƙasa da 3 µg/dL, wato kusan 83 nmol/L, yana nuna gazawa, sama da 15 µg/dL, kusan 415 nmol/L, kuma galibi ya kore ta. Abin da ya faɗa tsakani sai an yi gwajin allurar Synacthen, wadda ke zaburar da adirenal a ga ko za ta fitar da kotizol. Amma a makonnin farko bayan rauni ko tiyatar fituwitari wannan gwajin na iya fitowa daidai alhali akwai matsala, saboda adirenal ba ta riga ta yi sanyi ba. A kuma gaya wa likita duk wani sitiroyid da ake amfani da shi, na sha, na allura, na shaƙa ko man shafawa, domin dukkansu suna iya danne kotizol.

Sauran su ne furolaktin (homon ruwan nono), IGF-1 (mai nuna aikin homon girma), sodiyom, LH da FSH, tare da testostaron na safe ga namiji. Ga macen da al'adarta ta ɗauke saboda shekaru, FSH ya kamata ya kasance sama sosai. In aka same shi ƙasa, wannan babbar shaida ce cewa fituwitari ta raunana, kuma gwaji ne mai sauƙin samu. Yawan ƙishirwa da yawan fitsari dare da rana ba tare da ciwon suga ba yana nuna ɓangaren baya na fituwitari ya taɓu, wanda ke karkatar da zargi zuwa kumburi ko wani ƙari da ba irin wanda aka saba gani ba.

Mataki na 6: Hoto, bayan jini ya yi magana

Hoton da ake buƙata shi ne MRI da aka nufi fituwitari da shi musamman. Hoton kai na gama-gari yana iya tsallake ƙaramin ƙari. In ƙarin ya kusanci jijiyoyin ido, sai likitan ido ya auna faɗin gani.

Tarko biyu ne a nan. Kusan mutum 1 cikin 10 masu lafiya ana iya ganin wani ɗan tabo a fituwitarinsu wanda ba ya cutar da su, shi ya sa ba a fara da hoto. Na biyun ya fi haɗari. Mai ƙarancin tayirod na wuya da ya daɗe ba magani, fituwitarinsa kan kumbura saboda yawan aikin fitar da TSH, furolaktin ma ya ɗan tashi, hoton ya yi kama da ƙari. TSH mai tsananin yawa tare da FT4 ƙasa shi ke tona asirin lamarin. Lebotairoksin ke saukar da wannan kumburi cikin watanni, ba ya buƙatar wuƙa.

Idan abin ya juya: FT4 sama, TSH bai sauka ba

Wannan ma rashin dacewa ne. Mafi yawan dalilinsa mai sauƙi ne: ruɗewar na'ura, amiyodaron, ɗaukar jini jim kaɗan bayan shan lebotairoksin, ko majiyyacin da ya yi kwanaki bai sha magani ba sannan ya haɗiye da yawa ana gobe gwaji. In an kore waɗannan, saura abu biyu da ba a cika gani ba. Ɗaya ƙari ne a fituwitari mai fitar da TSH da kansa. Ɗayan kuma gado ne, inda jiki ba ya jin homon tayirod sosai, wanda Samuel Refetoff ya fara bayyanawa a 1967. Auna jinin iyaye da 'yan'uwa yana taimakawa, domin na gado yakan bayyana a dangi. Abin gudu shi ne a ɗauke shi a matsayin cutar Graves a cire tayirod ko a ƙone ta da aidin mai haske, alhali tushen ciwon na sama.

Mataki na 7: Magani da bibiya

Akwai doka ɗaya da ba a karya ta: a tabbatar da kotizol kafin a fara lebotairoksin. Homon tayirod yana sa jiki ya ƙara cinye kotizol, ya kuma ƙara buƙatarsa. In dama babu isasshe, mutum na iya faɗawa mummunan hali na amai, jiri, faɗuwar matsin jini da suma, har ya kai ga rasa rai. In an samu gazawar, ko ana zarginta ba a kai ga gwadawa ba, haidirokotizon, maganin da ke maye gurbin kotizol, ake farawa da shi, galibi miligiram 15 zuwa 20 a rana a rarrabe, sannan lebotairoksin ya biyo baya.

Cikakken awon lebotairoksin a babba yakan kai kusan maikirogiram 1.6 ga kowane kilon nauyin jiki, amma tsofaffi da masu ciwon zuciya da kaɗan ake fara musu. Ana sha da ruwa ciki ba komai, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, a raba shi da ƙwayoyin ƙarfe da na kalsiyom da awa 4.

Wajen bibiya ne aka fi yin kuskure. A wannan ciwo ba a daidaita magani da TSH. Da an fara magani TSH yakan faɗi kusan sifili, wanda bai san tarihin majiyyaci ba sai ya ɗauka magani ya yi yawa ya rage, mutum ya koma gidan jiya. FT4 ake bi, ana neman ya zauna a rabin sama na iyaka, a ɗauki jini da safe kafin a sha ƙwayar ranar, mako 6 zuwa 8 bayan duk wani canjin awo. Fara shan isturojin, fara allurar homon girma, ko samun ciki, duk suna iya ƙara buƙatar magani, don haka a sake gwaji. Yana da kyau majiyyaci ya riƙa yawo da takarda daga likitansa da ke cewa ciwon nasa daga fituwitari ne, FT4 ake dubawa.

Mai shan haidirokotizon kuma ya nemi likita ya koya masa yadda ake ƙara awo lokacin zazzaɓi, da abin yi in amai ya hana ƙwaya zama, domin a lokacin allura ake buƙata ba tare da jinkiri ba. Duk wanda ake zargin yana da ƙari a fituwitari, in ciwon kai mai tsanani ya sauko masa farat ɗaya tare da amai, dishi-dishin gani, ganin abu bibbiyu ko faɗuwar fatar ido, a kai shi sashen gaggawa nan take, a kuma gaya musu zargin da ake yi tun daga bakin ƙofa, don jini ne mai yiwuwa ya fashe a cikin ƙarin, kuma allurar haidirokotizon ake fara ba shi kafin a jira sakamakon gwaji.